Faɗin Ƙofar Banɗaki

Tun ranar da ya shigo ofishin da fensir maƙale a bayan kunne, matasan wurin suka laƙaba masa Mai Fensir. Bai musa ba. Shekaru ya yi a zaune bayan kamfaninsu na zanen gine-gine ya rufe, yana jinyar mahaifiyarsa, matarsa na riƙe da gidan da keken ɗinki. Wannan aikin ma na gwaji ne, kuma mai yanke hukunci a kansa yarinyar da ya taɓa koya wa jan layi ce. Yau ita ce Shugaba.

Abin da aka ba shi ƙarami ne: zanen wani benen haya, ya duba ma'aunai ya cike inda babu. Yana cikin dubawa idonsa ya tsaya a ƙofar banɗaki. Matsattsiya ce. Irinta ce a gidansu, keken marasa lafiya na Inna ba ya shiga, sai ya sungume ta ya kutsa a karkace, bayan hannunsa na gurzar bango. Tabon na nan.

A zamaninsa kowa da kwafinsa. Ka ɗora takarda mai shara-shara a kan zane, ka gwada abin da ranka ke so, in bai yi ba ka dunƙule ka yar. Da wannan tunanin ya faɗaɗa ƙofar a kwamfuta. Bango ya matsa, ya ci karo da ginshiƙi, sai ya ɗan tura ginshiƙin shi ma, don dai ya gani. Ya fita cin abinci.

Da ya dawo, Dogo mai tebur kusa da nasa na tsaye da waya a kunne.

"Baba Mai Fensir, kai ka taɓa ginshiƙi?"

"A nawa kwafin ne, ɗana."

"Wane naka? Zanen ɗaya ne, duk a cikinsa muke aiki! Ga Injiniyan ginin nan a waya yana kumfar baki, wai ginshiƙinsa ya yi ƙafa ya tafi yawo."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Rigar jikinsa ya tuna, yadda matarsa ta goge ta da safe tana cewa, "Baban yara, ka dawo mutum." Da wane baki zai gaya mata?

Shugaba ta leƙo ta yafito shi. A ofishinta ya tsaya kusa da wani ƙaramin bene na kwali, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Malam, zauna."

"Ranki ya daɗe, a tsayen ma ya isa."

"Wannan ranki ya daɗen a bakinka ciwon kai yake sa ni. Ba kai ka ce mini ko da wasa kar in taɓa ginshiƙi ba?"

"Ni ne." Ya nuna mata zanen a kwamfutarta. "Ƙofar ce. Keken mara lafiya ba zai shiga ba."

Ta dubi zanen, ta dubi bayan hannunsa.

"Ka mayar da shi kafin a tashi. Ka kira Injiniya da kanka. Zai wanke ka tas, kar ka ce uffan."

"Ƙofar fa?" Maganar ta kuɓuce masa, ya ji kamar ya haɗiye ta.

"Mai ginin ba zai yarda a rage masa ɗaki ba. Ka nemo mini faɗin ta wata hanyar, ka kawo gobe in gani."

Gobe. Ashe akwai gobe.

Ya koma teburinsa, ya zauna, ya janye hannu daga kwamfutar kamar mai gudun wuta.

"Dogo," ya ce a hankali, "zo ka nuna wa babanka inda mutum zai yi ɓarna a kwafinsa shi kaɗai."