Ragon Ɗantsoho da Baturen Waya

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Zariya, Ɗantsoho mutumin Tudun Wada shi ke buga wayar tangaraho a tasha. Wayar guda ɗaya ce, duk tashoshi a kanta suke. Kowa na jin kowa, amma ba mai ganin hannun da ke bugawa.

Ɗantsoho yana da wani farin rago da ya turke domin layya. Dusa da harawa yake ta ci har ya fi mai shi wuya.

Ran nan da hantsi waya ta ɗau ƙara: "Daga Baturen waya. Na sauka a tashar gaba. Na ji kana da rago. A yanka, a gasa, a sako mini a jirgin la'asar."

Baturen nan kuwa yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ba a yi masa musu. Ɗantsoho ya aika gida a gaya wa matarsa Larai ta kira Junaidu mahauci. Ya zauna yana salati.

Can sai ya tuna mai buga waya a tashar gaba Kailani ne, ɗan kawunsa, taubashin da ya taɓa sa masa kwaɗo a buta. Anya ba shi ne ke masa wasa ba? To, amma in ya ƙi, ashe Baturen ne fa? Aiki ya tafi.

Sai dabara ta faɗo masa. Sunan kawun nasa shi ma Junaidu, kuma tun da Kailani ya yi wayo bai taɓa kama sunan mahaifinsa ba, ko da wasa.

Ɗantsoho ya buga: "Ranka ya daɗe, mahauta biyu ne a unguwa. Gwadabe ba ya wanke wuƙa, Junaidu yana wankewa. Wa zai yanka?"

"Na biyun."

"Ranka ya daɗe, waya na cin magana. Wa?"

"Wanda ba Gwadabe ba."

"A taimaka a faɗi suna, kada in yi kuskure a naman Bature."

Waya ta yi tsit. Ta fara bugawa, ta tsaya. Ta sake farawa.

"Mai sunan Baba."

Nan da nan Attahiru, mai buga waya a wata tasha can kudu, ya tsoma baki: "Ashe har Ingila akwai Malam Junaidu? A gaida tsoho, ranka ya daɗe!"

Kailani ya bugo: "Ɗan gwaggo, ko ƙafa ɗaya ce a sako."

Ɗantsoho ya ɗaga hannu zai zage shi, sai ya tuna da rago. Ai mahauci na gida! Ya bar hula a tasha, ya hau Tudun Wada da gudu yana ihu, "Kada a yanka! Kailani ne!"

Ya tarar an kayar da rago, an fuskantar da shi gabas, Larai na riƙe da ƙafafu.

Junaidu ya ce, "Malam, ni fa na wasa wuƙa."

"Sai ka aje ta zuwa Sallah."

Larai ta saki. Rago ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya dubi mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ja da baya, ya tunkuyi Ɗantsoho.