Kofin Farko na Shayin Kolo

Shekara ashirin da ɗoriya kofin farko na shayin Kolo nawa ne. Haka tsarin majalisarmu yake a bakin kasuwar kifi ta Haɗejia: bayan la'asar Kolo ya ɗora buta, wanda ke riƙe da hira shi ake miƙa wa na farko, mai ɗacin nan. Ni Tasi'u ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma dillancin kifi ya kai ni Baga, ya kai ni Legas. Wa zai ja da ni?

Sai daminar bara ruwa ya cinye hanya, Bitrus ya maƙale a gari. Mutumin Biu ne, Kirista, shekara goma ina haɗa masa bandar kifi yana kaiwa Jos. Ni da kaina na jawo shi kan tabarma.

Akwai Munzali, masunci daga Kirikasamma, wanda in ya ce "sannunku" to ya gama maganar ranar. Shi ne ya buɗi baki ya ce, "Wai Bitrus, addinin nan naku daga ina ya faro?"

"Daga wajen irinku," in ji Bitrus. "A littafinmu, waɗanda suka fara bin Isa masunta ne a bakin wani tafki. Ya kira su, suka bar tarunsu suka bi shi."

Muka ce alaihissalam. Liman ya sha faɗa mana labarin hawariyawa, amma ba mu taɓa jin sana'arsu ba. Bitrus ya ci gaba, yadda bayan Isa mabiyansa suka watsu, wasu a ƙasa wasu a jirgin ruwa, suna taruwa a gidajen mutane, sarakunan Rum na farautarsu. Har ya ce ana faɗin in biyu suka haɗu, sai ɗaya ya zana kifi a ƙasa don su gane juna. Ya zana mana da tsinke. Masunta suka miƙa wuya kamar ba su taɓa ganin kifi ba.

Ina kallo hannun Kolo ya wuce ta gaban hancina da kofi, ya nufi Bitrus.

Na ce baƙo ne, a yi masa kara. Washegari haka. Rana ta uku na ɗauko labarin kadan da ya bi ni a Baga, sai Kolo ya ce, "Alhaji, kadan nan ai ya tsufa. Bitrus, jiya ina muka tsaya?"

Na sha na biyu, ruwan sukari kawai.

Na san gajeriyar hanya. Da na raɗa wa mutum biyu cewa wa'azi Bitrus yake yi, shi ke nan. Amma ƙarya ce, tambayarsa aka yi, kuma abokin cinikina ne. Sai na nemi inda ba shi da ƙafa. Bitrus ya san kifi a kwali, bai san shi a ruwa ba.

Rana ta huɗu na gyara zama na ce, "Malam Bitrus, ka ce sun bar taru sun tafi. Jiƙaƙƙe ko busasshe? Wa suka bar wa? Wane masunci ne zai yar da taru a gaɓa ya juya baya?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya Alhaji, ban sani ba. An dai ce biyu daga cikinsu suna cikin jirgi da ubansu, suna ɗinkin taru."

Na dubi jama'a, na dubi buta. Har na fara miƙa hannu.

"To ai ba yarwa suka yi ba," in ji Munzali. "Tunda ɗinki ake, ya bushe. Tarun da na zare ne, ba irin na robar nan ba, ba a ɗinka shi da ruwa a jiki. Tsohon suka bar wa. Ni tsohon nake ji. Shekarar da ruwanmu ya janye, haka na bar babana a cikin kwalekwale da allura a hannu, na tafi Chadi. Bai ɗago kai ba. Cewa kawai ya yi in tura masa jirgin zuwa inuwa kafin in wuce."

Ya ba da labarin har rana ta yi ja. Kolo ya zuba, ya miƙa wa Munzali da hannu biyu.

Ruwa ya janye, Bitrus ya loda kayansa ya tafi, har yana yi min godiyar tambaya mai kyau. Na koma majalisa da sabon labarin da na tanada. Na tarar an matsa wa Munzali wuri kusa da buta, yana bayanin yadda ake gane ramin tarwaɗa. Ashe shirun shekara ashirin tara labarai yake yi.

Kolo ya ce, "Alhaji, a ƙara maka sukari?"

Na ce ya bar shi haka.