Murfi Ruwan Zuma

Tun da Mai Faiba ya auri 'yar tsohon, bai taɓa ko riƙe marfin ƙofar motar surukinsa ba. Tsohuwar mota ce, ta girmi matar tasa, kuma a gidan an fi tambayar lafiyar motar. Sai ga shi murfin fankar injin ya tsage, kasuwa kuma ta manta da irinsa. Dole ta sa tsoho ya tako har shago, yana toshe hanci saboda warin ƙaro.

"Kai mai roba," ya ce, don bai taɓa yarda faiba, wato aikin zaren gilashi da ƙaro, sana'a ce ba, "za ka iya yin irin wannan? Ruwan zuma nake so, kamar yadda ya fito daga kamfani."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya yarda tuntuni. Kai nake tambaya."

Siffar ba ta ba shi wuya ba. Ya shimfiɗa zaren gilashi a mazubi, ya shafe shi da ƙaro mai tsada, wanda yake cika baki cewa ba ya sauya launi har abada. Launin ne ya ƙi. Ya zuba rawaya, murfi ya fito kamar bokitin wanka. Ya ƙara ja, ya koma jan bulo. Tsohon murfin kuwa, in ya ɗaga shi a rana, haske na ratsa shi, zaren na bayyana a ciki kamar jijiyar ganye. Wane irin rini ne wannan da ba ya rufe komai?

Abin ya shige masa rai har matarsa ta kama shi yana haska kwalbar zuma a taga.

"Baban yara, in sha za ka yi, ga cokali."

Wata safiya ya kwance wani noti da ya yi tsatsa a jikin tsohon murfin. Da ya ɗaga 'yar washar da ke ƙarƙashi, sai ga da'ira fara sol, kamar farce. Ya daɗe yana kallonta. Ashe kamfani bai taɓa rina komai ba. Fari aka sayar wa tsoho, zafin inji da iska suka dafa shi a hankali, shi kuma yana buɗe bonet kullum, bai ga ranar da ya sauya ba.

Mai Faiba ya jawo gwangwanin ƙaro mai araha, wanda ya daɗe yana zagi don yana yin ja da wuri. Ya zuba sabon murfi ba rini, ya kai shi ɗakin gasa fenti na maƙwabcinsa, ya bar shi a zafi kaɗan kaɗan. Kullum sai ya leƙa. Fari ya koma ruwan madara, ya koma ruwan alkama, daga baya zuma ta fito, zaren na walƙiya a ciki.

Tsoho ya zo, ya ɗaga murfin a rana, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ka gani? Haka yake ranar da na saye ta. Ni ba na mantuwa."

Tsohon murfin mai farar da'irar yana kan teburi, kusa da hannun Mai Faiba. Ya dubi tsoho, ya dubi da'irar, sai ya ɗora tsumma a kai.

"Ƙwarai kuwa, Baba."

Ya san inji zai ci gaba da aikinsa. Nan gaba murfin zai koma ruwan shayi, tsoho kuma zai rantse cewa haka ya fito.

Da aka ɗaura, tsoho ya laluba aljihu, ya miƙo makulli yana kallon gefe.

"Tayar mu ji. Tayarwa na ce, mai roba. Kada ka taɓa giyar motar."