Bindigar da ke Bangon Mukhtaru Tela

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Mukhtaru tela a unguwar Hindawiyya ta Makka ya sha labarin bindiga tare da shi, ko yana so ko ba ya so. Tana rataye a bangon falo, bakinta a toshe, takardunta cikin aljihun tebur. Da ita, in ji Mukhtaru, mahaifinsa ya keto Cadi da Sudan a ƙafa, ya iso Makka a 1948. A farkon labarin 'yan fashi uku ya kora. Da shekaru suka ja, sun kai goma sha biyu.

Mukhtaru yana ɗan shekara huɗu uban ya rasu. Ba hoto, ba riga, ko muryarsa ba ya tunawa. Bindigar nan ce kaɗai abin da yake da shi na ubansa.

Sai Allah Ya haɗa shi da suruki mai bin diddigi. Hamad, mijin 'yarsa, tara tsofaffin bindigogin soja ne abin sha'awarsa, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin kuskure su yi shiru. Ran wata Juma'a bayan an ci shinkafa, ya nemi izini ya sauko da ita, ya zaro gilashin ƙara girma.

"Shuf, ya Ammi," in ji Hamad da Larabci, wato duba, baffa. "Wannan kibiyar tana nufin kayan gwamnatin Ingila ce. Wannan ɗan kambin da lamba a ƙasansa, hatimin wanda ya duba ta ne."

Mukhtaru ya gyara zama yana murmushi, kamar shi ya buga hatimin.

"Waɗannan haruffa uku kuma, FTR, an mayar da ita masana'anta ke nan, an yi mata gyara gaba ɗaya. Ga ma shekarar a gefe, 1953."

Hamad ya faɗa kafin ya yi lissafi. Mukhtaru kuwa nan take ya yi. Bindigar da ke masana'anta a Ingila a 1953 ba ta keto Cadi a 1948 ba. Ya ji kamar yau aka yi masa maraici, da furfurarsa da komai.

Hamad ya shiga kame-kame. Ya nuna wata fata da aka naɗe gindin bindigar da ita, inda katakon ya tsage. "Amma wannan gyaran ba na soja ba ne. Wallahi ban san na wane ne ba."

"Ni na sani."

Fatsuma ce, yayar Mukhtaru, wadda ta shigo da butar shayi, ta kuma ji komai.

"Baba ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci," in ji ta. "Baduku ne, Mukhtaru. Wani Balarabe ya kawo ta gyara lokacin aikin hajji, bai dawo ba. Kai kuma ka ishi Inna da tambayar wane ne ubanka, sai ta nuna maka bango."

"Yaya, shekara sittin kina jina?"

"To ina ruwana? Baƙi suna jin daɗi."

Mukhtaru bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, Hamad ya ba shi gilashin. Kibiya da kambi bai ko kalle su ba, fatar ya duƙufa a kai. Ɗinki dai ba mai koya masa karanta shi, shekara hamsin yana cin abinci da allura. Ya ga an jiƙa fatar kafin a ja ta, ya ga inda basilla ta kauce aka warware aka sake, don mai aikin bai yarda ya bar karkatacce ba, ko a inda ba mai gani. Sannan ya lura da yadda zaren ya kwanta, duk ta ɓangaren da ba a saba ba.

Ya ɗago kai ya dubi Fatsuma.

"Yaya," ya ce a hankali, "Baba bahago ne?"

Fatsuma ta ajiye butar, ta dubi hannun hagun da yake riƙe da gilashin.

"Da daga ina kake tsammanin ka samo naka?"