Goggon Ƙarshen Ƙasa Ta Yi Mana Rakiya

Daren jiya, bayan na cika cikina da ɗanwake, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Wai ga ni a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, mai hawa tara, ni Sallau tela, da ko kogin garinmu sai da rani nake tsallakewa. Mun nausa kudu, can inda ƙasa ta yi tsini ta ƙare a teku. Ruwan sama daga teku yake tashi yana komawa gajimare, don haka kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a cikinta. Igiyar ruwa ta cilla mu sama ta cafe, mu kuwa sai ihu da dariya, muna cewa a ƙara. Masu raba abinci wasu tsuntsaye ne gajeru, baƙar kwat da farin tumbi, suna tafiya kamar alhazan da suka ƙoshi.

Sai ga ni a ɗakin tuƙi. Kyaftin ɗin bunsuru ne da farar hula, yana tauna taswira.

"Kai ne Sallau?" in ji shi. "Innarka tana bayan dutsen can, tana shanya kuɓewa."

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna, amma ban yi mamaki ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne ba ta san na yi mata takwara ba, don bayan rasuwarta da wata huɗu aka haifa mini 'yar. Na ce, "To a taka wuta mana, ranka ya daɗe, ina da magana da ita!"

"Shekara goma sha ɗaya muna takawa. Goggo ta hana hanya."

Ashe dutsen nan tsohuwa ce, baƙa wuluk, da ɗankwalin ƙanƙara, zaune cikin teku har ƙugu. Hucinta ne guguwar.

Na ce, "Kun gaishe ta kuwa?"

"Muna danna mata hon."

Haba! Ku zo wucewa ta ƙofar dattijuwa kuna danna mata hon kamar 'yan acaɓa? Na tuɓe takalmi, na je goshin jirgi na durƙusa.

"Salamu alaikum. Goggo, ina wuni?"

"Lafiya lau," in ji ta, ƙanƙara na zubowa daga kafaɗarta.

"Ina gajiya? Ya sanyi? Ya ƙafa? Ya kifaye?"

Kafin in kai kan jikoki iska ta kwanta. Kai, zo ka ga murna! Wata baturiya ta rangaɗa guɗa, tsuntsayen suka watsar da farantai suka kama rawa, aka ɗaga ni sama ana Sallau, Sallau.

Goggo ta ce, "Ɗan albarka. Bari in taka muku."

Ta miƙe, ta gyara zani, ta jero da mu. Mu tafi, ta tafi. Mu karkata, ta karkata. Jama'a, ta yaya za ka zagaya bayan wanda ke maka rakiya?

"Goggo, a koma haka, an gode ƙwarai."

"Bari dai in kai ku ƙanƙarar can."

Muka kai ƙanƙara. "Goggo, Allah ya bar zumunci, ya isa."

"Bari in kai ku kifin can."

Kifin kuwa shi ma tafiya yake yi.

Bunsuru ya leƙo ta taga. "Loma ɗaya ta rage a taswira, malam. In na haɗiye, gida za mu juya."

Na ga ya buɗe baki. Raina ya ɓaci, idona ya rufe, na daka tsawa: "Ke tsohuwa! Ki zauna wuri ɗaya mana! Wa ya aike ki?"

Ruwan sama ya tsaya cak a iska yana kallona. Goggo ta zauna a hankali, ta juya mana baya. Jirgi ya sha kwana fuu!

Sai ga Inna a bakin gaɓa, kan tabarma, ta riƙe haɓa.

"Sallau! Da bakinka? Tarbiyyar da na ba ka ke nan? Maza koma ka ba Goggo haƙuri."

Wayyo daɗi! Shekara shida rabona da wannan faɗa. Dariya nake yi, hawaye na shiga mini baki.

"Inna, tsaya in gaya miki wani abu tukuna."

"Ba na ji sai ka dawo."

"Kalma uku ce, Inna."

"Za ka tafi ko sai na tashi?"

Na dira daga jirgi, na kwasa da gudu a kan ruwa, ina waiwaye ina cewa kada ta tafi ko'ina, yanzun nan zan dawo. Saura taku biyu in durƙusa gaban Goggo, injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na buɗe ido, rana ta riga ta hau bango. Na sake rufewa, na ja bargo, na matse ido iya ƙarfina ko zan koma. Injin bai tsaya ba sai da aka gama wake tiya uku.