Ɗigo Uku a Gindin Silinda

Sau huɗu Noel Brazendale yana juya silindar injin babur ɗin nan a gaban taga kafin ya yarda da abin da idonsa ya gaya masa. Ɗigonsa uku babu su.

Ɗabi'arsa ce tun yana saurayi. Duk ƙarfen da zai bar garejinsa ya shiga hannun wani, walda ce ko fenti, sai ya ɗauki ƙusa da 'yar guduma ya buga masa ɗigo uku a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Masu tayar da tsofaffin babura da dama suna yin haka idan za su aika kaya ƙetaren teku zuwa birnin Melbourne wurin wanda ba su sani ba. Shi Noel bai ware kowa ba. Mutum ne da idan ka sha shayi a garejinsa, kafin ka kai bakin titi ya ƙirga sifanoninsa.

Ita kuwa wannan silinda ba ta ƙetare teku ba. Nan cikin garinsu Deloraine ya kai ta, wurin Athol Rigney, amininsa na shekara arba'in, don ya rarake cikinta da injinsa ta hau sabon fistin. Su biyun babur iri ɗaya ne da su, ƙirar Ingila ta 1962, irin na hawan duwatsu. Silindar alminiyam ta irin wannan babur yanzu ko da kuɗinka a hannu sai ka shekara kana cigiya. Shekara uku Noel ya yi yana tayar da nasa daga tarin tsatsa, ga gasar tsofaffin babura saura kwana goma sha biyu.

"Glenys! Zo ki gani."

Matarsa ta leƙo da kofin shayi a hannu. "In ƙarfe ne, na gani jiya."

"An canza mini silinda."

"Wa ya canza?"

"Wa na kai wa?"

"Athol? Haba Noel, ka ji kunya mana. Mutumin da ya goyo ka daga cikin rafi ranar da ka karya ƙugu?"

"Shi ya sa yake ganin ba zan duba ba."

"In haka yake gani, bai san wanda ya goyo ba," in ji ta, ta koma ciki.

Noel ya zauna a kan akwatin kayan aiki, abubuwa suka fara haɗuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwana uku ne, Athol ya riƙe shi mako uku. Da ya kawo, bai shigo ya sha shayi ba, a bakin ƙofa ya ajiye kwalin ya ce yana sauri. Ina Athol yake da zuwa, mutumin da ya yi ritaya shekara tara? Ga haƙarƙari na uku cikin waɗanda ke sanyaya wannan silinda da ɗan gyaran walda, tasa kuwa lafiyayya ce sumul. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma a ƙarƙashin zafin akwai wani ɗan daɗi marar kyau, na mutumin da ya daɗe yana jiran a cuce shi, yau kuma an yi.

Ranar Alhamis ya tafi gidan Athol da hujjar aron ma'auni. Ya shiga ta baya ba tare da ya yi magana ba. Athol na jin takunsa ya yi wuf ya ja tamfol ya rufe babur ɗinsa.

"Me ake ɓoyo, tsoho?" Noel ya tambaya yana dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Tsuntsaye ke yi mini kashi a tanki. Ka ɗaura silindar?"

"Tukuna."

"Ɗaura mana, mutumina. Lokaci na tafiya."

Bai kalle shi ba da yake faɗa. Noel ya lura da wannan ma.

Ya ɗaura ta, don ba shi da wata. Bugu biyu injin ya tashi, ya zauna daram yana bugawa a hankali, ba hayaƙi, ba ƙarar banza. Wani da sai ya yi murna. Noel tsayawa ya yi yana cewa a ransa, idan wadda aka jefo masa tana aiki haka, to tasa ta asali fa?

Ranar gasar an taru a wata gonar tumaki wajen Mole Creek, inda rafi ya ratsa tsakanin duwatsu da saiwoyin bishiyoyin turare. Mahaya wajen ashirin da biyar ne, galibinsu furfura ta gama da su, kowa na yabon babur ɗinsa yana kushe gwiwoyinsa. Wasan ba na gudu ba ne. A tsaye ake hawa, a bi layin da aka kafa wa tutoci a hankali, duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa alƙalin wurin ya rubuta masa laifi ɗaya.

Athol ya zo, amma bayan motarsa babu babur. Rigar alƙalai ce ruwan lemo a jikinsa, da allon rubutu a hannu.

"Rigney ba babur?" in ji Maxine, mai gasa wa ƙungiyar naman sosej. "Shekara talatin ban taɓa gani ba. Ko tsufan ne ya iso?"

"Bayana ne ya matsa mini," in ji Athol.

Wannan ƙaryar ce ta ƙarasa Noel. Jiya jiya Glenys ta ga Athol yana faskare. Noel ya ajiye burodinsa a kan tebur.

"Ba bayanka ba ne. Tsoro kake ka kawo shi in leƙa ƙarƙashinsa."

Maxine ta bar juya nama.

"Noel," in ji Athol a hankali, "bari sai mun koma gida."

"A'a, nan za a yi ta, kowa ya ji. Na ba ka silindata lafiyayya, ka dawo mini da wata mai walda. Ina tawa? Tana kan babur ɗinka ƙarƙashin tamfol, ko ka riga ka sayar wa 'yan Melbourne?"

"Yaya aka yi ka san ba taka ba ce?" wani ya tambaya daga baya.

"Na yi mata alama."

Athol ya taka zuwa motarsa, ya buɗe ƙofa, ya ciro wani buhu daga bayan kujera, ya dawo ya zazzage shi a kan tebur tsakanin kwalbar miyar tumatir da burodi. Silinda ce. Ya kifa ta, ya ɗora yatsa a gindinta.

Ga ɗigo uku nan. Daga na tsakiyar wata tsaga ta tashi siririya kamar gashi, ta ratsa ramin ƙusa, ta haura har cikin bango. Duk wanda ke wurin ya san ƙarfe, ba wanda ya buƙaci bayani. Alminiyam mai shekara sittin, a wuri mafi siranta, an sa masa ƙusa da guduma.

"Ina ɗora ta a wuta don in cire hannun rigarta, wato ƙarfen da ke cikinta, ta buɗe," in ji Athol. "Mako biyu ina neman yadda zan ɗinke ta, ta ƙi. Wadda ke kan babur ɗinka tawa ce. Abin da ke ƙarƙashin tamfol babur ne ba kai."

Noel ya dubi tsagar. "To me ya hana ka gaya mini?"

"In ce maka me? In ce ɗigonka ne ya fasa ta? Sai ka san na san da su." Athol ya goge yatsansa a wando. "Tun kan injin farko da ka kawo mini nake ganinsu, Noel. Shekara talatin da bakwai. Kowane ƙarfe, har murfin kulochi. Nakan wanke in lallaɓa kada in goge maka su, don hankalinka ya kwanta."

"Amma ka taho da ita a mota."

"Na san za ka tambaya. Na dai ɗauka a gareji za ka tambaye ni, mu biyu."

Athol ya ɗauki allonsa ya gangara rafi. Maxine ta ture silindar gefe da bayan cokali, ta ci gaba da juya namanta ba ta kalli Noel ba. Kunya ta rufe Noel. Ya so ya loda babur ya tafi gida, sai dai an riga an kira lambarsa, kuma tafiya da silindar mutum ba tare da ya hau ba ta fi zama muni.

Wuri na huɗu a gasar shi ne inda Athol ke alƙalanci. Layin ya gangara cikin ruwa, ya zagaya bayan wani ƙaton dutse, ya fito ta kan saiwoyi. Daga inda alƙali ke tsaye ba a ganin bayan dutsen, kuma a nan ne kusan kowa ke sa ƙafa. Noel ya miƙe a kan matakan babur ya shiga. Injin ya ja shi a hankali, bugu ɗaya bayan ɗaya, bai yi tari ba ko sau ɗaya. Ya zagaya dutsen, tayar baya ta zame ta kama, ya haura saiwoyin ya fito tsakanin tutoci. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Ya tsaya a gaban Athol, yana haki.

"Ban ga bayan dutse ba," in ji Athol, idonsa a kan allo. "Ka taka?"

"Ban taka ba."

Athol ya rubuta sifiri. Bai leƙa takalmin Noel ya ga ko da laka ba, bai tambayi masu kallo ba.

"Athol..."

"Matsa, akwai mutum a bayanka," in ji shi, ya ɗaga hannu ya kira na gaba.