Ruwan Sa'a a Bakin Dandamali

Matar Radoslav ce ta fara watsa ruwan. Kofi guda, a bakin dandamali, don mijinta ya taka, wasan kwaikwayo ya tafi masa sumul. Haka muke yi wa duk mai fita babban al'amari. Sai uwarsa ta ce ruwan suruka ba ya ɗaukar albarka, ta juye buta cike. Yarinyar da ke fitowa a 'yar attajiri, kakarta da tulu ta zo. Darakta Gencho ba shi da kowa, ya watsa wa kansa.

Saura minti biyar a ja labule, dandamali ya zama tafki.

Tsvetana tana gefe cikin farar rigar wasa, wadda ta goge sau uku. Ita ba wanda ya watsa mata. Shekara ashirin da biyu tana share gidan wasan garinmu. Bana mai fitowa a 'yar aiki ta tafi Jamus jinyar tsofaffi, aka rasa mai yi, aka ba ta. Wasan tsoho ne: attajiri ya kori 'yar aikinsa, iyalinsa suka taya shi, daga ƙarshe ta dawo ta gaya musu gaskiya. Yayarta ta hau bas tun daga garin Shumen, tana zaune a layin gaba, ta zo ganin ƙanwarta ba da tsumma a hannu ba. Sau ɗaya dai.

Kowa ya dubi ruwan. Sannan kowa ya dubi Tsvetana.

"Inna Tsvetana," in ji Gencho, "ɗan taimaka mana. Minti biyu."

"Yau 'yar wasa ce ni."

"To ai a 'yar aiki kika fito. Ki ɗauka gwaji ne."

"Uwar Radoslav ta goge. Butarta ce ta fi yawa."

"Ke!" tsohuwar ta ce. "Ni? Da wannan ƙugun?"

Radoslav ya gyara gashin bakinsa na roba. Shi ke da masana'antar cuku, shi ya sayi labulen, don haka shi ne attajiri kowace shekara. Akwai wurin da yake cewa mutane duk gida ɗaya ne, nauyin kowa yana wuyan kowa. In ya zo wurin har hawaye yake yi.

"Tsvetana, kar ki ɓata mana rana," ya ce. "Kowa da aikinsa."

Ba ta motsa ba. Magajin gari ya riga ya zauna, yana duba agogo. Aka ja labule.

Radoslav ya shiga da taƙama. Taku uku. Ya buɗe hannuwa, ya ce, "A gidan nan..." Ƙafa ta tafi gabas, gashin baki ya tafi yamma. Ya zauna cikin ruwa, tim.

Zaure ya ɗauki dariya.

Gencho ya cusa wa Tsvetana bokiti da tsumma, ya tura ta. Ta tsinci kanta cikin hasken fitila. Ga yayarta can, ta daina dariya, ta kafe ido kan bokitin.

Tsvetana ta taka a hankali. Ta san kowane katako na wurin nan. Ta ajiye bokitin gaban Radoslav, ta ɗora masa tsumman a gwiwa.

"Me kike yi?" ya raɗa.

"Wasa, Yallaɓai."

Ta juya ga jama'a, ta fara jawabinta na ƙarshe tun a farko. Wa ya zubar, wa ya kwashe. Wa ya ci, wa ya wanke kwano. Muryarta ba ta yi rawa ba.

Radoslav ya dubi magajin gari. Magajin gari yana jinjina kai, kamar mai jin wa'azi. Ba mafita. Attajiri ya durƙusa, ya shiga jan ruwa da tsumma daga nan zuwa can.

"Matse tukuna, Yallaɓai," ta ce a tsakiyar jawabi. "Wanka kake wa dandamali?"

"Gaya masa, 'yar uwa!" wata ta ƙwala daga baya, cikin matan masana'antar cuku. Tafi ya ɓarke. Yayar ta miƙe tsaye, tana tafi da jaka a hammata.

Da aka tashi, magajin gari ya riƙe hannun Gencho. Bai taɓa ganin fitowa mai ratsa zuciya kamar ta tsumman nan ba, in ji shi. Laraba zai kawo 'yan makaranta, kada a canza ko ɗigo.

"Wata biyu ina tunanin wurin nan," in ji Gencho.

Radoslav yana matse wandonsa.

Laraba ba wanda ya zo da kofi. Matar Radoslav ta hana, uwarsa ta yi fushi. Dandamali a bushe ƙayau. Radoslav ya yi murmushi, ya manna gashin baki, ya nufi ƙofa.

Tsvetana tana can tana jiransa, da bokiti biyu.

"Allah ya ba da sa'a, Yallaɓai," ta ce.

Ta juye.